Aikin Ƙafar Mota a Gida: Canza Bushin Gaba

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau a shirinmu na kula da abin hawa, ƙarƙashin mota za mu shiga, wajen ƙafar gaba. Malam direba, idan ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa ɗan rami sai ka ji ƙwas daga ƙasa, idan ka taka birki sai motar ta ɗan fizga gefe guda, idan kana kan miƙaƙƙiyar hanya amma hannunka bai huta da gyara sitiyari ba, sa'an nan ka duba tayar gaba ka ga ta cinye ta gefen ciki alhali gefen waje na nan da sauransa, to akwai alamar bushinka ya gaji. Masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram, abin da kuke tambaya a shago da sunan silanbulok, shi muke nufi.

Bari mu fara da sanin abin da kansa, domin wanda ya gane yadda yake aiki ba sai an yi ta nanata masa dokoki ba.

Tayar gaba ba a jikin mota take kai tsaye ba. Akwai wani ƙarfe mai faɗi da ke riƙe da ita ta ƙasa, makanikai na ce masa lowa am, mu kuma a shirin nan za mu riƙa ce masa hannu. Bakinsa ɗaya yana wajen taya, inda bol join yake. Ɗaya ɓangaren kuma ya kama gadon da inji ke zaune a kai, a wuri biyu. A waɗannan wurare biyun ne bushin yake. Haka tsarin yake a Toyota Corolla, haka yake a Golf 3 da ta cika tashoshinmu, da mafi yawan ƙananan motoci masu jan gaba. Tsari ne da ke ɗauke da sunan wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, inda sifirin da shakazoba suke haɗe wuri guda a tsaye, hannun kuma yana ƙasa shi kaɗai.

Shi bushin abu uku ne a haɗe: ƙaramin bututun ƙarfe a tsakiya, babban bututun ƙarfe a waje, sai roba a tsakaninsu wadda aka manne da su tun daga masana'anta. Bol yana ratsa bututun tsakiya ya matse shi da gadon mota har ba ya motsi. Na waje kuma a cushe yake cikin ramin hannu, shi ma ba ya motsi. To, idan taya ta yi sama ta yi ƙasa, me ke juyawa? Babu. Robar ce ke murɗewa ta dawo, ta murɗe ta dawo, sau dubbai a tafiya ɗaya. Aikinta ke nan, kamar guringuntsin da ke cikin gwiwar mutum, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Ku riƙe wannan maganar ta murɗewa, domin duk abin da zan faɗa nan gaba daga gare ta ya fito.

Me ke kashe ta? Shekaru, zafin rana da na inji, ramukan hanya, da lodi fiye da kima. Motar da aka ƙera don mutum biyar, mu mun san mutum nawa take ɗauka daga tasha, ban da buhuna a but. Amma akwai maƙiyin da ba a cika lura da shi ba, wato mai. Robar bushin ba ta shiri da baƙin mai, ko man gas, ko kananzir. Idan injinka na ɗigar da mai a kanta, sai ta kumbura ta yi laushi ta saki ƙarfen. Kuma ga wata al'ada da ake yi a wasu wuraren wankin mota, a fesa wa ƙasan mota baƙin mai ko gas wai don ta daina ƙara. Za ta yi shiru na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma robar ce ke biyan kuɗin shirun. Ni dai ba na yarda a yi wa motata haka.

Kafin ka sayi komai, tabbatar da cewa bushin ne. Ƙarar ƙafar gaba tana da iyaye da yawa. Ɗaga motar, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, zargi bol join ko boris na taya. Ka kama ta hagu da dama ka girgiza. In ta yi wasa, duba tayarod. Ɗan siririn ƙarfen nan da ke haɗa sitabilaiza da ƙafa shi ma gwanin ƙara ne, kuma ya fi kowa araha. Bushin kuwa, sai ka haska shi da tocila, ka sa liba tsakanin hannu da gado ka banƙara a hankali. Ɗan motsi mai tauri wanda ke dawowa da kansa, lafiya ce. 'Yan ƙananan tsage-tsage a fatar robar, tsufa ne kawai, tana iya ƙara tafiya. Amma in ka ga ta yage har ciki, ko ta rabu da ƙarfen, ko hannun na tafiya sakaka har ƙarfe na taɓa ƙarfe, magana ta ƙare.

Sai sayayya. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon unguwarku, ka tafi da sunan motar da shekararta, in da hali da tsohon bushin a hannunka. Zaɓi uku ne a gabanka. Ko ka sayi bushin kaɗai a cusa a tsohon hannu, ko ka sayi sabon hannu ɗungurungum da bushinsa a ciki, ko ka sayi hannu na Beljiyam. Ga wanda zai yi aiki a gida, sabon hannu mai kyau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ya raba ka da wahalar cirewa da cusawa, wadda ita ce rabin aikin. Na Beljiyam ƙarfensa yakan yi kyau, amma ka tuna robar da ke ciki ta riga ta yi shekarunta a wata ƙasa kafin ta hau jirgin ruwa. Banƙara ta ka gani kafin ka biya.

Akwai kuma bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Ba zan raina masu wannan sana'a ba, sun fitar da mutane da yawa daga kunya a kan hanya. Sai dai robar da suka yanka ba a manne take da ƙarfe ba, cusa ta kawai aka yi. Ba murɗewa take yi ba, gogawa take yi, kuma abin da ke gogawa cinyewa yake. A matsayin maganin wucin gadi, to. A motar da ke ɗaukar iyali zuwa Abuja kuwa, araha ba ta ado. Kuma kowanne ka zaɓa, canza hagu da dama tare. In ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, motar na iya riƙa ja gefe idan ka taka birki.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a, har yanzu kuna tare da mu, muna magana a kan canza bushin ƙafar gaba a gida. Yanzu mun zo inda nake roƙon kowa ya rage hira ya saurara, domin nan batun rai ne.

Ƙaramar mota irin Corolla ta haura kilo 1,000. Jak ɗin da ke cikin but an yi shi ne don canza taya, ba don mutum ya kwanta a ƙarƙashi ba. Kada ka sa ko da hannunka a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Nemi sitan na ƙarfe guda biyu, waɗanda ake ɗora mota a kai, ka sa su a wurin da ƙarfen motar yake da ƙarfi. Bulon siminti ba sitan ba ne. Yana riƙewa, yana riƙewa, sai ya fashe lokaci guda ba sallama. Yawancin gidajenmu kuma tsakar gida ƙasa ce ko yashi, ƙafar sitan na iya nutsewa. Nemi daɓen siminti mai lebur, in babu ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi. Ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayoyin baya gaba da baya. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ta zama kariya ta biyu. Kafin ka shiga, kama motar ka jijjiga da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye. Hajiya, don Allah a riƙe yara a cikin gida har a gama, kuma maigida kada ya yi aikin nan shi kaɗai ba wani babba a kusa.

Wani gargaɗin kuma: ba kowace mota ce ta wannan aikin ba. Marsandi 190 da wadda muke kira Bi-but, sifirin ɗinsu a kan hannun ƙasa yake zaune, a matse da ƙarfin gaske. Wanda ya kwance bol ɗin hannu bai kama sifirin da abin matse shi ba, sifirin zai iya fitowa ya yi kisa. Ka leƙa ka gani. In sifirin yana kan hannu, rufe akwatin sifanunka ka kai wa masu aikin.

To, ga wanda motarsa ta dace. Tun da dare, ana gobe aikin, ya kamata ka fesa wa duk notunan man kwance tsatsa, irin su WD-40, ka bar shi ya shiga. Da safe, tun motar na kan ƙafafunta a wuri mai lebur, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda, ka rubuta. Wannan awon zai yi maka amfani a ƙarshe. Sassauta notunan taya tana ƙasa, sa'an nan ka ɗaga. Ɗaga gaban duka biyu, domin in gefe ɗaya ka ɗaga, sitabilaiza za ta murɗe ta riƙa yi maka gardama. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai.

Fara da wajen taya. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008, bol ɗaya da noti biyu ne ke riƙe bol join a jikin hannu. A Golf 3 bol uku ne, kuma ka zagaye mazauninsu da alli ko fenti kafin ka kwance, don ka mayar da su inda suke. Da ka raba su, ƙafar za ta yi lilo. Kada ka ja ta waje da ƙarfi, domin shaf na iya zarewa daga cikin giyabos, ka sayo wa kanka aikin da ba ka yi niyya ba. Kula kuma da tiyon birki da wayar da ke kusa da shi, kada nauyi ya rataya a kansu.

Sai manyan bol biyu na jikin gado. Waɗannan suna da tauri. Yi amfani da soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daidai, da dogon mariƙi. Sifanar da ta yi sako-sako za ta cinye kan bol ɗin, daga nan kuma sai mai walda. A wasu motoci masu giyar otomatik za ka tarar bol ɗin gaba na gefen giyabos ba shi da hanyar fita, yana tokarar kaskon mai, sai an ɗan ɗaga inji ko an sassauto gado. Ka duba wannan tun kafin ka fara. In haka taka take kuma ba ka taɓa yi ba, babu abin kunya a ce an kai gareji.

Hannu ya fito. In sabon hannu ka saya, ka huta, jera shi da tsohon ka tabbatar iri ɗaya ne, kuma ba ka musanya hagu da dama ba. In bushin kaɗai za ka canza, tsaya ka dubi babban, wato na baya. Za ka ga robar ba a cike take ba, an bar wasu ramuka a cikinta, wani lokaci har da 'yar kibiya. Ba ado ba ne. An yi su ne don bushin ya yi laushi ta wata fuska ya shanye duka, ya yi tauri ta wata fuskar ya riƙe taya a saiti. Yi wa hannun alama daidai inda ramukan tsohon suke kallo, ka sa sabon haka. In ka juya shi, zai shiga lafiya lau, amma motar ba za ta yi daɗin tuƙi ba kuma robar ba za ta daɗe ba.

Cire tsohon fa? Shawarata, saka hannun a buhu ka hau babur ka kai wa mai injin matsi. Cikin 'yan mintoci zai fitar da tsohon ya cusa sabon a miƙe, kuɗin kuma bai kai na ɓata sabon bushin ba. Wanda ya nace sai a gida, ga hanya. Huda robar da abin huji zagaye har tsakiyar ta fita. Zura ruwan zarton ƙarfe ta cikin ramin, ka yanka bututun waje daga ciki a hankali, ka tsaya kafin ka taɓa naman hannun. Da ya tsage, matsinsa ya saki, ɗan bugu kaɗan zai fitar da shi. Na san wasu wuta suke sa wa robar ta ƙone. Hayaƙin guba ne, zafin kuma yana iya raunana ƙarfen, balle in hannun na alminiyam ne. A bar wannan.

Goge cikin ramin da samfefa har tsatsa ta fita. Don cusa sabon, nemi dogon ƙarfe mai zare da notuna da washa masu kauri, da guntun bututu ko babban soket wanda bakinsa ya zauna a kan ƙarfen waje na bushin. A kan ƙarfen waje, na ce, ba a kan roba ko bututun tsakiya ba. Kana ɗaure noti yana shiga sannu a hankali. In ya fara karkacewa, tsaya ka fitar ka sake. Kada ka bi shi da guduma. Wanda ke da firiza, kuma Allah ya sa an kawo wuta, ya sa bushin a ciki ya kwana, sanyi na ɗan tsuke ƙarfe ya sauƙaƙa shiga. Irin bushin da roba ce zalla a waje ba ƙarfe, ruwan sabulu ake shafa masa. Giris kuwa, hukuncinsa ɗaya da na baƙin mai da kuka riga kuka ji.

Yanzu ga wurin da ake yawan yin asara, har a wasu garejin. An mayar da hannu, mota na rataye a sama, ƙafa ta saki ta yi ƙasa, sai a ɗauko dogon ƙarfe a ɗaure bol tamau. Ku tuna abin da muka ce: da an ɗaure, bututun tsakiya ya daina motsi. To an kulle shi ke nan a inda ƙafar take a sake. Da an sauke motar nauyi ya hau, hannu zai yi sama, robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana ko motar na ajiye. In aka faɗa rami kuma ta ƙara murɗewa fiye da abin da aka yi ta dominsa. Ba a jima ba sai ta yage, mai mota ya koma yana zagin mai shago wai ya sayar masa da jabu, alhali kayan ba su da laifi.

Yadda ake yi shi ne, ka sa duk bol ɗin ka ɗaure su da sauƙi kawai. Mayar da taya, ka sauke motar a kan ƙafafunta, ka danna gabanta sau biyu ko uku ta zauna. Sa'an nan ne ake ɗaurin ƙarshe. In babu wurin shiga, hau da tayoyin kan katakai masu kauri da faɗi, ko ka tuƙa a hankali zuwa wurin da ke da ramin duba mota mafi kusa. Wata hanyar kuma, motar na kan sitan, ka sa jak a ƙarƙashin hannu wajen bol join ka ɗaga a hankali har tsakiyar ƙafar ta kai awon nan da ka rubuta da safe, kana lura kada motar ta tashi daga kan sitan. Wannan doka ta fi shafar bushin da bol ɗinsa yake a kwance, amma ka bi ta a duka ka huta.

Ƙarfin ɗauri ma yana da adadi, kowace mota da nata a littafinta. Notin tayar Corolla, alal misali, 103 ne a ma'aunin Nm. Sifana mai awon ɗauri ba kowa ke da ita ba, amma ana iya aro. Notin da ke da roba a bakinsa, da bol ɗin da kamfani ya ce sau ɗaya ake ɗaura shi, kamar yadda Volkswagen ke cewa game da da yawa daga na ƙafa, a sa sababbi.

In bushin sitabilaiza ne kawai ya mutu, wannan aikin rabin sa'a ne: bol ɗaya ko biyu, ka cire marfin, robar a tsage take, ka zare ka sa sabuwa mai daidai kaurin ƙarfen.

Da ka gama, kafin ka hau babban titi, taka birki ka ji ya kama, ka zagaya unguwa a hankali kana saurare. Daga nan kai tsaye sai wurin alaimen. Tsohon saitin an yi shi ne a kan mataccen bushin, yanzu ƙafar ta koma wani wuri, in ka ƙyale ta, tayoyinka za ta ci. Bayan kwana biyu kana hawa, sake bin notunan taya da na hannu da sifana.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wanda zai kai motarsa gareji maimakon ya yi da kansa, don Allah ya tsaya a wurin, ya roƙi oga cikin ladabi a sauke motar kafin a yi ɗaurin ƙarshe.  

(Kiɗan rufe shiri)